Motar Baba Ta Yi Goho

Yayana ba mahaukaci ba ne, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya ji labarin nan a bakin maƙwabcinmu Mahauci ya ɗauka haka. Lafiyarsa ƙalau. Ciwonsa ɗaya ne tak: bai taɓa ganin aiki a duniya ya ce bai iya ba. Famfo ya lalace, ya iya. Agogo ya tsaya, ya iya. Akwai ranar da haƙorina ke ciwo ya shigo min da filaya a hannu, sai da na kulle kaina a banɗaki. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da komai sai Na-Iya, shi kuma yana amsawa yana washe baki, a zatonsa kirari ake masa.

Motar da Babanmu ya rasu ya bari tana hannunsa. Doguwa ce irin ta da, mai ƙofa a baya, da kariyar ƙarfe ta ɗora kaya a samanta wadda Baba ya sa aka like da walda. Ni ce auta, a bayanta nake barci duk tafiyar da muka yi muna yara, don haka in na ce ina son motar nan ba wasa nake ba. Sai dai tsufa ya kama ta ta baya. Sifirin sun gaji, gindinta ya zauna, tana tafe tana jan ƙasa kamar agwagwa.

Matar Yaya, wadda kowa ke kira Malama, ita ce shugabar wata makarantar firamare. A ƙofar makarantar akwai tudun siminti da aka yi don masu mota su rage gudu. Wata safiya Yaya ya kai ta aiki, motar ta hau tudun nan, sai ji aka yi ƙarrr, salansa, bututun hayaƙin nan, ta cire ta zauna a tsakiyar hanya. Yara suka ɗauko ta su da yawa kamar masu ɗaukar gawa, suka kai har ofis. "Malama, ga abin motarku ya faɗi."

Da yamma ina gidan lokacin da ta dawo. Malama ba ta ɗaga murya, shi ya sa ma ake tsoronta.

"Malam, ka san taron ban kwanana ya matso, zan ajiye aiki."

"Na sani mana. Ni zan kai ki, har gaban rumfa."

"A wace motar?"

"Motoci nawa gare ni?"

"To ka saurara. Shekara da shekaru yaran nan in sun hango ni nutsuwa suke yi. Yau sun hango ni sun fashe da dariya. In motar nan ta sake kunyata ni a gaban jama'a, ta bar gidan nan. Mai Gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, zan kira ya farfasa ta ya ɗora a sikeli."

Na yi ta ƙifta wa Yaya ido ya yi shiru, ina! Ya buga ƙirji.

"Auta ce shaida. In ta kunyata ki, ki yi yadda kika ga dama da ita, ba zan ce uffan ba."

"Yaya, don girman Allah ka kai ta wajen bakanike," na ce.

"Bakanike? Kai biyu gare shi? Ƙarfe ne ya sunkuya, a ƙara masa ƙarfe ya miƙe. Wannan ma aiki ne?"

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin tsohuwar mota ba, sifirinta na baya fallayen ƙarfe ne dogaye, an ɗora wani kan wani an ɗaure, dami ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Dabarar Yaya ita ce ya ƙara falle ɗaya a kowane dami. Kuma don rashin ta ido, wajen wa ya je neman fallayen? Wajen Mai Gwangwan. Ya kwaso na wata matacciyar babbar mota, kowanne kauri kamar tafin hannu, ya kuma zauna ya labarta wa mutumin duk alkawarin da ya yi wa Malama. Tun daga ranar Mai Gwangwan bai sake fashin zuwa layinmu ba. Sai ya jingine kekensa, ya tsaya yana kallon motar yana lumshe ido.

A garejin gida aka fara aiki. Tela da Mahauci, maƙwabtanmu, suka jawo benci suka zauna a bakin ƙofa, don sun san in Na-Iya ya ɗauki sifana ba a rasa abin kallo. Ya ɗaga motar da jak, ya shige ƙarƙashi, aka yi ta jin ƙwal-ƙwal da salati. Da ya sa falle ɗai-ɗai ya sauke ta, wallahi ta yi kyau. Ta miƙe tsaf kamar ranar da Baba ya kawo ta.

"Yaya, shi ke nan! Ka bar ta haka!"

"Ke Auta, aikin ƙwararru ba a yinsa da ido. Sai an auna."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro lemo.

"Wannan fa?" in ji Tela. "In awo kake so ga tef a wuyana."

"Tef na wando ne. Wannan shi ne ma'aunin daidaito. Zan ajiye shi a tsakiyar bayan mota, duk ɓangaren da ya gangara, nan ne ya yi ƙasa."

Ya buɗe ƙofar baya, ya ajiye lemo. Lemo ya yi shiru kaɗan, sannan ya mirgina dama.

"Kun gani? Da na bi ta Auta da na kai Malama a karkace."

Ya ƙara falle a dama. Falle na babbar mota ba abin wasa ba ne, dama ta yi sama ta wuce hagu, lemo ya ruga hagu da gudu. Ya ƙara a hagu. Lemo ya koma dama. Ya ƙara a dama.

"Na-Iya," in ji Mahauci, "kai da lemon nan wa ke aiken wani?"

"Kai dai ka san sara da yanka. Wannan lissafi ne."

Kwana ya bi kwana ana haka. Ƙusoshin da ke ɗaure damin suka yi gajeru, ya samo dogaye. Fallaye suka ƙare, ya koma wajen Mai Gwangwan, wanda ya ɗebo masa wasu har da rakiya. Shokazoba, masu hana mota tsalle, suka kasa kaiwa, ya ja su ya ja suka ƙi, sai ya kwance su ya jefar a gefe.

"Yaya, waɗancan ba su da amfani ne?"

"Ado ne kawai. Masu ƙera mota suna sa su don a ce sun yi aiki."

Ana cikin haka ya fito daga ƙarƙashi wata rana ya tarar da Mahauci yana tsotsar lemo.

"Ina ma'aunina?"

"Au, shi ne wannan? Ai ya fara yaushi, na ce kada ya lalace a banza."

Aka aika aka samo wani. Yaya ya juya shi a hannu ya ce wannan bai kai wancan girma ba, don haka duk awon baya ya rushe, sai an sake daga farko. Na ɗora hannu a ka. Tela ya yi dariya har tef ya zame masa daga wuya.

Ana gobe taro, lemo ya daina zuwa hagu, ya daina zuwa dama. Da aka ajiye shi sai ya miƙe gaba a guje, ya bi ta ƙarƙashin kujeru ya je ya daki wajen birki. Yaya ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ta daidaita!"

Na ja da baya na kalli motar Baba. Innalillahi! Hancinta a ƙasa, bayanta a sama, bambar baya ta kai min ƙirji. Goho ta yi, ba wata kalma.

"Yanzu ko dutse ta hau ba abin da zai taɓa salansa," in ji Yaya. "Ku faɗa min wane bakanike ne zai iya wannan."

"Babu," in ji Tela. "Wallahi babu."

Ranar taro Malama ta fito cikin shiga ta alfarma, jaka a hannu, takardar jawabinta a ciki. Duk kwanakin nan ba ta leƙa garejin ba. Ta tsaya ta kalli motar daga hanci har gindi, ta kalli mijinta, ta kalli Mai Gwangwan da ya riga kowa zuwa.

"Ina kwana, Malama," in ji shi da ladabi. "Na ce ko za a buƙace ni."

"Kada ka yi nisa."

Yaya ya yi kamar bai ji ba. Ya shiga ya tayar, ya sa giyar baya. Motar ta matsa kaɗan, sai ƙum! Kariyar sama ta daki saman ƙofar gareji. Ya ƙara wuta, siminti ya zubo. Motar da ta shiga da ƙafarta ta fi ƙarfin ƙofar da za ta fita.

"Ƙofar nan ta gajarce," in ji Yaya.

"Eh, da daddare ta sunkuya," na ce. "Yaya, lokaci na tafiya!"

"Nauyi kawai ake buƙata. Mahauci, zo ka hau baya."

Mahauci mutum ne da in ya zauna a benci sai ɗaya gefen ya ɗaga. Da ƙyar muka tura shi sama, ni da Tela, yana nishi, da rigar aikinsa a jiki. Motar ta sauko kaɗan, bai isa ba. Tela ya hau. Bai isa ba. Yaya ya kalle ni.

"Ni? Da sabon ɗinkina?"

"Motar Baba ce fa, Auta."

Ya san inda zai taɓa ni. Na tattare zane na hau. Har yanzu saura ƙiris, sai ga Mai Gwangwan ya ajiye keke ya ɗare ba wanda ya gayyace shi. A haka muka fito, kariya tana gogar ƙofa ƙiiii.

Da tayoyi suka sauka kan titi sai wani sabon abu ya bayyana. Motar ta karkace hagu, sosai ba kaɗan ba, duk muka zube a jikin Tela. A nan na tuna abin da duk muka manta: daɓen garejin ba a miƙe yake ba, Baba ya sa an yi masa gangare zuwa dama don ruwan wanki ya riƙa fita. Duk wahalar da Yaya ya sha, da daɓe yake faɗa. Ya daidaita motar da karkataccen wuri, ga ta yanzu a miƙaƙƙen titi.

"Titin nan a karkace yake," in ji Yaya ta taga. "Na daɗe ina faɗa."

Muka yunƙura za mu sauka ya daka mana tsawa. In muka sauka, in ji shi, ba abin da zai riƙa gani ta gilashi sai kwalta. Dole mu raka su a haka. Malama ta buɗe gaba ta shiga, kujera ta zamo da ita har gwiwoyinta suka tokare. Ta dafe da hannu biyu.

Tafiyar kuwa, Allah kada ya maimaita. Mota ba shokazoba, in ta faɗa rami ɗaya sai ta yi ta tsalle har a kai rami na gaba. Kan Mahauci ya daki rufi, ya dawo ya zauna kan ƙafar Tela.

"Wayyo ƙafar da nake taka keken ɗinki da ita!"

"To in zauna a ina? A iska?"

Mai Gwangwan shi ko a jikinsa. Yana ta ƙwanƙwasa bangon motar da ɗan yatsa yana kasa kunne. "Ƙarfen da," in ji shi a hankali. "Yanzu ba a yin irinsa."

"Ka sake taɓa ta sai na karya yatsan," na ce.

Wani mai babur ya jero da mu ya leƙo. "Baba, me ta yar take nema a ƙasa?"

"Sabon yayi ne, ɗan nan," in ji Yaya. "Sai nan gaba zai iso wajenku."

Muka iso ƙofar makaranta, ga tudun simintin nan. Yaya ya rage gudu. Tayar gaba ta hau ta sauka. Ta baya ta hau ta sauka. Ko ƙas ba a ji ba. Wallahi har ni sai da na ji daɗi. Yaya ya danna hon, ya leƙo da kai.

"Malama, kin ji wani abu? Auta, kin ji? Mai Gwangwan, sai ka nemi motar haya ka koma!"

Da ya tsaya a nan ya sauke ta, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ya ce har gaban rumfa ya yi alkawari. Ga fili cike da iyaye, yara sun yi layi biyu suna waƙar maraba, manyan baƙi suna zaune a ƙarƙashin wata babbar rumfar tamfol. Yaya ya ratsa tsakanin yaran yana ɗaga musu hannu, bai tsaya ba sai da ya cusa rabin motar a ƙarƙashin bakin rumfar, wai kada rana ta taɓa Malama.

Waƙa ta mutu a bakin yara. Aka buɗe ƙofar baya, jama'a suka ga mahauci da rigar aiki, da tela, da mai gwangwan, da ni, a cushe kamar kayan wanki. Kunya ta kama mu, kowa ya so ya riga wani ɓacewa. Muka diro gaba ɗaya.

Abin da fallayen babbar mota ke jira ke nan. Bayan motar ya yi sama fau! Kariya ta cafki ƙarfen rumfa ta ɗaga shi, ƙafafun rumfa suka tuge daga ƙasa, tamfol ya taho gaba ɗaya ya lulluɓe manyan baƙi. Rumfar ta fizge kariyar ta tafi da ita. A ƙarƙashi kuma farfela, dogon ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya, ta zare ta faɗi ƙasa tangaran. Ba ka jin komai sai salati daga cikin tamfol, da wani mai lasifika a hannu yana cewa, "Jama'a a kwantar da hankali, wa ya taka min hannu?"

Yara kuwa, me za su yi in ba dariya ba? Har da masu birgima.

Yaya ya zagayo da sauri zai buɗe wa Malama. Ƙofa ta ƙi. Ya ja, ya tokare da ƙafa, ta ƙi, jikin motar ya murɗe. Ya koma tasa, wadda ya maido da ƙarfi da zai fito, ita ma ta cije.

"Malama, ki ɗan jira, ƙaramin abu ne, in samo sifana."

"Malam," in ji ta ta taga, "ka taɓa motar nan da sifana, ni da kai ne."

Ƙofar baya kaɗai ta rage, ita kuma tana can sama. Sai da aka ɗauko tsani daga ɗakin ajiyar makaranta. Shugabar makaranta guda, ranar ban kwananta, ta rarrafa ta kan kujeru ta hau gangare, ta sauko ta tsani da baya da baya, jaka a baki, iyayen yara suna kallo. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta gyara ɗaurin kanta. Mai Gwangwan ya matso yana murza hannu.

"Malama, in kawo masu turawa?"

Yaya ya yi fiƙi-fiƙi. "Ba ta karci ƙasa ba fa, Malama. Kowa shaida ne, tudun nan ko taɓa shi ba ta yi ba."

"Cewa na yi in ta karci ƙasa, ko in ta kunyata ni?"

Yaya ya hau sosa ƙeya. Ni kuma idona ya cika, don na riga na hango guduma a kan motar Baba.

Kafin a gama zaro baƙi daga tamfol, wani yaro ya ga tsani a jingine ya haye rufin motar. Kariya ta tafi, rufi sumul, ga gangare. Ya zauna, suuu, ya sulalo ta kan gilashi ya bi bonet ya dira a yashi. Na biyu ya bi. Kafin ka ce me, layi ya kai bakin aji. Malama ta tsaya tana kallonsu, ta daɗe. Sannan ta karɓi lasifika, takardar jawabin ma ba ta ciro ba.

"Iyaye da baƙi, ku yi haƙuri da abin da ya faru. Tun da na zo makarantar nan nake roƙon a yi wa yaran nan abin wasan sulu, ban samu ba. Yau ga shi maigidana ya ɓata kwanaki ya haɗa musu da hannunsa, ya kawo har fili. Ya ce in yi yadda na ga dama da ita, ƙanwarsa ce shaida. To na bai wa makaranta. A cire tayoyin a kafe ta a nan. Malam, taso jama'a su gan ka."

Fili ya ɗauki tafi. Mai Gwangwan ya yi tsaki ya juya, ko sallama babu. Aka jawo Yaya gaba, manyan baƙi da hulunansu a karkace suna miƙa masa hannu ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya tsaya kamar an dasa shi. Da tafin ya yi yawa sai na ga ƙirjin yana tasowa.

"Gangaren ne mai wuya," na ji yana gaya wa wani. "In bai kai ba yaro ba zai sulalo ba, in ya wuce ya ji ciwo. Sai an auna."

Da taro ya watse, Malama ta wuce ofis ta kwashe kayanta. Na tarar da Yaya shi kaɗai a gefen motar, ya dafa madubinta, makullin yana hannunsa yana juya shi.

"Auta," ya ce can ƙasa, "a ƙafa za mu koma fa."

"A ƙafa, Yaya."

"Da Baba zai ga wannan..."

"Da ya fi kowa dariya. Kuma ba a ɗora ta a sikeli ba."

Ya gyaɗa kai, ya goge ido da hannun riga wai ƙura ce ta shiga. Ya zura makullin a aljihu. Sai ga wani ƙato daga aji na sama ya hau tsani da takalmi mai ƙusa a ƙasa. Yaya ya zabura, ya tare gindin tsanin da hannu biyu.

"Kai! Sauko! Motar ubana ce wannan. Duk mai son hawa ya cire takalmi, ku yi layi, ƙanana a gaba!"